Me za mu kai wa tsofaffin da ba sa iya fita a lokacin hunturu?

Tambaya: Likita, mu matasa ne a Rigasa da ke Kaduna. Mun yi karo-karo don taimaka wa tsofaffin unguwarmu da ke kwance a gida, wasunsu babu mai kula da su. Kuɗin ba su da yawa. Bargo za mu saya ko abinci?

Amsa: Allah ya saka muku da alheri. Ku sayi bargon, amma kafin nan ku shiga ku ga inda tsohon yake kwana. Wanda ke kan tabarma a daɓen siminti, ƙasa ce ke zuƙe masa ɗumi, don haka katifa ko da siririya ta fi masa bargo na biyu. Jikin tsoho ba ya riƙe zafi kamar naku, ga shi ba ya motsi, sanyin Disamba da Janairu kuwa ya fi cizo gab da asuba. Safa, hular sanyi da suwaita za ku samu da rahusa a gwanjon Kasuwar Barci. A wanke a shanya kafin a kai.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kaskon gawayi. Sai a cika shi da garwashi, a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Takan fara da ciwon kai da jiri, daga nan sai barcin da ba a tashi. In dole sai an kunna, a bar taga a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Mai ciwon suga ma ƙafarsa kan ƙone a bakin kasko bai ji ba.

Batun abinci, mai zafi ne gaba: koko ko kunu da safe, ruwan ɗumi a fulas na sha da na alwala. Tsoho ba ya cika jin ƙishirwa, sai an miƙa masa. Man kaɗanya ya wadatar don kaushi. Ku tambayi maganin hawan jini ko na asma ko ya ƙare, domin sanyi kan ɗaga jini, ƙura kuma ta tayar da tari.

In kun tarar da shi a rikice, magana na sarƙewa, jiki ya yi sanyi ƙalau ko numfashi sama-sama, a lulluɓe shi a wuce asibiti, ko Yusuf Ɗantsoho ko Barau Dikko. Kada a jira zazzaɓi, ciwon huhu a jikin tsoho sau da yawa ba ya zuwa da shi.

Ku bi ta hannun mai unguwa ko liman, ku raba gidajen a tsakaninku, kowa ya riƙa leƙa nasa bayan sallar asuba. Ɗakin tsohuwa, 'yan'uwanku mata su shiga. Kuma don Allah ban da ɗaukar su hoto a sa a Facebook.