Tambaya da Amsa: "Ɗana ya ce sai an kori kociyoyin makarantarsu"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, albasa nake saukewa a Mile 12, ina zaune a Agege da iyalina. Babban ɗana yana karatu a wata jami'a a Amurka. Da can in ya bugo waya ranar Lahadi, sai ya gaida mahaifiyarsa, ya tambayi ƙannensa, ya ce a aiko masa da kilishi da yaji. Tunda Satumba ta kama ba shi da zance sai na ƙungiyar ƙwallon makarantarsu, irin ƙwallon nan da ake sa hular kwano ana karo da juna. Wai kociyoyinsu ba su san abin da suke yi ba, ana kan gaba su bari a farke, har ɗalibai sun yi wa babban kocin ihu a fili, shi ma da bakinsa a ciki. Malam, karatu na tura shi ko ƙwallo? Kuma in koci bai iya ba, me ya hana a sallame shi kowa ya huta?
— Wani mai karatu daga Agege, Legas

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya albarkaci kasuwa, ya dawo da yaro lafiya da takardarsa.

Kwantar da hankalinka, ba shi kaɗai abin ya kama ba. A can ƙwallon jami'a ba wasan yara ba ne. Filin Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, kusan ninki biyu na filin Moshood Abiola da ke Abuja, kuma yana cika. Wasa 12 kacal kowace ƙungiya ke bugawa a kaka, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, galibi ranar Asabar, ban da wasannin ƙarshe da ke biyo baya. Wanda ya faɗi wasa uku, shekararsa ta kusa lalacewa. Shi ya sa ranar Lahadi kake samun ɗanka rai a ɓace.

Akwai kuma dalilin da ya sa a wannan wasan koci ake zagi fiye da ɗan wasa. A tamaularmu, in alƙalin wasa ya busa, koci sai dai ya tsaya bakin layi yana ɗaga hannu. A tasu kuwa, wasa tsayawa yake bayan kowane yunƙuri, a ba su daƙiƙa 40 su sake shiri. A cikin daƙiƙun nan wani mataimakin koci, sau da yawa yana can sama a wani ɗaki mai gilashi da abin magana a kunne, shi zai zaɓi ko a jefa ƙwallon ko a ruga da ita, ta dama ko ta hagu. Tun 2024 ma an yarda koci ya yi magana kai tsaye cikin hular ɗan wasa ɗaya. Akwai mataimaki mai kula da kai hari, akwai mai kula da tsaron gida, babban koci yana samansu. To in aka maimaita dabara ɗaya sau uku ana cin ƙasa, ɗan kallo ya san wanda ya zaɓe ta.

Ga misali da idon kowa ya gani. A Agustan 2022 Jami'ar Nebraska tana gaban Jami'ar Northwestern da maki 28 da 17. Maimakon su buga ƙwallon can nesa kamar yadda aka saba bayan an ci, sai koci Scott Frost ya sa aka yi ɗan gajeren bugu don su sake ƙwace ta. Ba su ƙwace ba. Abokan hamayya suka karɓa a tsakiyar fili, suka ci, aka tashi 31 da 28, Nebraska ta faɗi. Wannan ba laifin ƙafar kowa ba ne. Irin abin da ke sa ɗanka ihu ke nan, kuma ni ban ga laifin mai ihu a irin wannan rana ba.

Sai batun sallama. Kai ɗan kasuwa ne, za ka fi ni gane lissafin. Kwantiragin kociyoyin nan yana da sharaɗin cewa in aka kore ka kafin wa'adi, sai an biya ka. Frost ya tafi da dala miliyan 15 a Satumban 2022, alhali da sun yi haƙuri zuwa 1 ga Oktoba da kuɗin ya ragu da rabi. Haushi bai bar su sun jira ba. Jami'ar Teksas A&M kuwa da ta kori Jimbo Fisher a Nuwamban 2023, sama da dala miliyan 75 ta ɗauki nauyin biyansa don kawai ya tafi gida. Ba ɗaliban da ke ihu ke biyan wannan ba. Sau da yawa attajirai tsofaffin ɗalibai ne ke haɗa kuɗin, don haka suna da ta cewa kan ranar korar koci. Bayan haka ga kuɗin sallamar mataimaka, ga na ɗauko sabo. Tun 2021 kuma ɗan wasa yana iya sauya makaranta ya ci gaba da wasa nan take, don haka in koci ya tafi, yaran da ya kawo sukan bi ƙofa su ma.

Ko an biya, ba lallai a dace ba. Nebraskar nan ta ɗauki kambun ƙasa a 1994 da 1995 da 1997. A 2003 ta kori Frank Solich bayan ya ci wasa 9 cikin 12, wai bai isa ba. A 2014 ta kori Bo Pelini, shi ma da wasa 9. Daga 2017 zuwa 2023, shekara bakwai a jere, faɗuwarsu ta fi cinsu yawa. An gudu ba a tsira ba. Mu ma mun ɗanɗana: an sallami kocin Super Eagles Gernot Rohr a Disambar 2021 muna ta tafi a gidajen kallo, Maris na zuwa Ghana ta hana mu zuwa Qatar a Abuja.

Ni abin da na fi yarda da shi shi ne abin da Mishigan ta yi. Jim Harbaugh ya karɓi ƙungiyar a 2015, ya faɗi sau biyar a jere a hannun babbar abokiyar gabarsu, Jami'ar Jihar Ohayo. A 2020 wasa 2 ya ci cikin 6. Magoya baya suka ce sai ya tafi. Makarantar ba ta kore shi ba. Ta zaftare kusan rabin albashinsa, shi kuma ya sauya mai kula da tsaron gida, ya kawo Mike Macdonald. Suka doke Ohayo shekara uku a jere, a Janairun 2024 suka ɗauki kambu ba tare da faɗuwa ko sau ɗaya ba. Sau tari ciwon yana wurin mataimaki ɗaya ne, wanda babban koci ke jin nauyin sallama don tsohon abokinsa ne.

Don haka Alhaji, ranar Lahadi kada ka yi masa faɗa. Ce masa: kuskure ɗaya ne ake maimaitawa kowane mako, ko kowace Asabar da nata? Wa ke zaɓen dabarar, babban ko mataimakinsa? Nawa za a biya in an kore shi? In ya amsa maka ukun nan dalla-dalla, ka san yaro yana kallo da hankali. Daga nan sai ka ce ya turo maka sakamakon jarrabawar zangon nan ta WhatsApp, kafin a aika kilishin.

Tambaya: Malam, gardama muke a gidan kallo. Su ɗaliban da ke buga wannan ƙwallo ana biyansu, ko kyauta suke karya ƙashi?
— Wani mai karatu daga Idi-Araba

Amsa: Ɗan'uwa, duk wanda ya ce kyauta ne, labarinsa ya tsufa. Shekaru da yawa abin da suke samu shi ne karatu da abinci da masauki kyauta, kociyoyi na kwasar miliyoyi. Daga Yulin 2021 aka ba su damar karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A 2025 kotu ta amince da wata yarjejeniya da ta ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, a raba tsakanin dukkan wasannin makarantar, kuma masu hular kwanon ne ke kwasar kaso mafi tsoka.