Filin Tambaya: Gano Inda Inji Ke Shan Iska da Feshi

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata tana karkarwa a sulo, wani lokaci ta mutu a cunkoso, kwamfuta ta nuna P0171. Bakanike ya ce iska take sha ta wata kafa, zai fesa maganin wanke kafireto alhali inji na aiki. Wannan ba ganganci ba ne? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dabarar gaskiya ce. P0171 na nufin iska ta yi wa fetur yawa. In feshin ya faɗa kan kafar, inji zai zuƙe shi, sai ka ji sulo ya ɗaga ko ya shaƙe nan take.

Amma maganin yana kama wuta kamar fetur. A yi aikin a fili, da abin kashe gobara a kusa, kuma da sanyin inji, kafin bakin salansa ya yi zafi. Wata fa'idar sanyin: gaskit ɗin manifol (bututun da ke raba wa inji iska) ya fi yoyo kafin zafi ya kumbura shi. A maƙala jan tsinken gwangwanin, a fesa kaɗan, bai wuce daƙiƙa 1 ba, a saurara, sannan a matsa gaba: gindin manifol, tiyon PCV (mai mayar da tururin cikin inji zuwa manifol), babban tiyon iska na birki, da ƙananan tiyoyin da rana ta busar. A nisanci kwayil, wayoyin filogi da altaneta, tartsatsi ɗaya ya isa. A kula da hannun riga kusa da fanbel.

Kada a fesa kusa da mashigar iska, inji zai amsa ƙarya, a canza abin da lafiyarsa ƙalau. Kada kuma maganin ya taɓa na'urar auna iska ta MAF, yana iya lalata ta. Maganin wanke birki mai sinadarin kulorin kuwa, ko kusa: in ya ƙone yana fitar da iska mai guba. Masu zuba fetur daga gora, wannan shi ne gangancin.

Sababbin motoci kwamfuta na gyara sulo da sauri, kunne ba ya kamawa. A jona na'urar bincike a duba STFT, wato lambar da ke nuna yadda kwamfuta ke ƙara ko rage fetur nan take. Lambar za ta faɗi ƙasa da zarar an dace. In hankalinka bai kwanta ba, ruwa a kwalbar feshi yana nuna babbar kafa, injin hura hayaƙi cikin hanyar iska kuma yana tona ƙarama da mota a kashe.