Yarana sun iya karatu, amma "me ya sa?" na gagarar su

Tambaya: Malam, ina koyar da 'yan aji huɗu a firamare. Tatsuniya kam suna mayar mini da ita kaf, amma in mun karanta rubutun bayani, kamar na kiwon lafiya, na ce "me ya sa?", sai su kwafo jimla daga littafi ko su yi tsit. Yaya zan yi?
Wata malama daga Funtuwa

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Tun 1983 Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard ta nuna cewa wajen aji huɗu ne yaro ke tashi daga koyon karatu zuwa karatu don neman sani, kuma nan ne da yawa ke cijewa. Tatsuniya "sai kaza, sai kaza" ke jan ta. Shi kuwa bayani a kan "saboda", "don haka", "idan" da "amma" yake tsaye, waɗanda yara ke tsallakewa.

Ki rubuta a allo: "Sauro yana ƙwai a ruwan da ya kwanta. Da damina ruwa na kwanciya a kududdufai. Don haka zazzaɓi ke yawaita." Ki goge "don haka", ki ce su cike gurbin. Wanda ya sa "amma", kada ki yi saurin cewa bai ci ba. Ya faɗi dalilinsa, ajin su yanke hukunci. Mai kaifin kai zai gano ma akwai jimlar da ta ɓace: ba a ce sauro ne ke kawo cutar ba.

Daga nan ki jefa musu abin da suke ji a gida, wai sabuwar masara ke sa zazzaɓi. Gaskiya ne lokacinsu ɗaya, to zuwa tare ya isa hujja? Jaririn da ko haƙori bai yi ba, ina ya ci masara? Sai ki ba su labarin Ronald Ross, wanda a 1897 a Indiya ya feɗe sauro ya ga ƙwayar cutar a cikinsa. Ga bambancin "an ce" da "an gani".

Tambayoyin ƙarshen darasi irin su "a ina sauro ke ƙwai?" ba na ganin amfaninsu sosai, ido kawai suke gwadawa. Kowace amsa ki bi ta da "nuna mini da yatsa inda ka samo". In ajin ya cika maƙil, 'yan benci ɗaya su fara gardama tsakaninsu, da Hausa ko da rubutun na Turanci ne, sannan ɗaya ya miƙe ya faɗi matsayarsu.