Tambaya da Amsa: Ciwon Bob Marley, Shekara 27 da Waƙar Minti Uku

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sha jin ana cewa kashe Bob Marley aka yi, wai an ba shi kyautar takalmi da waya mai guba a ciki ta soke shi a yatsa. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Labarin takalmin nan ya daɗe yana yawo a bakin mutane, amma babu hujja ko ɗaya a bayansa. Ciwon daji na fata ne ya yi ajalin Marley, irin wanda likitoci ke kira melanoma, kuma nau'in da ke fitowa a tafin hannu, ko tafin ƙafa, ko ƙarƙashin farce. A 1977 aka gano shi a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa ta dama. Da farko an ɗauka rauni ne ya ji a wajen ƙwallo, don mutum ne mai son tamaula, kuma a nan ne wannan ciwo yake yaudarar mutane. Baƙin tabo ne ko baƙin layi a farce, kamar jinin da ya taru bayan an buge. Bambancin shi ne, jinin bugu yana tafiya gaba yayin da farce ke tsiro har a yanke shi, shi kuwa wannan yana nan daram, yana ƙara faɗi. Ba zafin rana ke kawo shi ba, kuma shi ne nau'in melanoma da ya fi kama baƙar fata.

Likitoci sun ba da shawarar a yanke yatsan. Ya ƙi, saboda aƙidarsa ta Rastafari. Sai aka cire farcen da naman da ke ƙarƙashinsa, aka ɗebo fata daga cinyarsa aka rufe wurin, ya ci gaba da yawon wasa. A Afrilun 1980 ya yi waƙa a bikin 'yancin kan Zimbabuwe. A Satumbar shekarar ya yanke jiki ya faɗi yana sassarfa a Central Park da ke New York, aka duba aka tarar ciwon ya kai ga ƙwaƙwalwa da huhu da hanta. Wasansa na ƙarshe a Pittsburgh ne, ranar 23 ga Satumba. Ya yi watanni yana jinya a Jamus, da abin ya gagara ya kama hanyar gida Jamaika, amma bai isa ba. Ya mutu a asibiti a Miami ranar 11 ga Mayu, 1981, yana da shekara 36.

Abin da ya ba jita-jitar gindin zama shi ne, da gaske an taɓa neman ransa. Ranar 3 ga Disamba, 1976, 'yan bindiga sun kutsa gidansa a Kingston suka harbe shi, shi da matarsa da manajansa. Duk sun tsira, shi kuma bayan kwana biyu ya hau dandali da raunin a jikinsa.

Tambaya: Me ya sa manyan mawaƙa ke mutuwa suna da shekara 27?

Amsa: Hajiya, jerin sunayen ne ke da tsoratarwa. Brian Jones na ƙungiyar Rolling Stones ya nutse a tafkin wankan gidansa a Yulin 1969. Jimi Hendrix ya mutu a Landan ranar 18 ga Satumba, 1970, amai ya shaƙe shi bayan ya sha ƙwayoyin barci. Bayan kwana 16 Janis Joplin ta bi shi, hodar heroyin ta yi mata yawa. Jim Morrison ya mutu a Paris a Yulin 1971. Mutum huɗu cikin shekara biyu, duk 'yan 27. Da Kurt Cobain ya kashe kansa a 1994, sannan Amy Winehouse ta mutu a 2011 da barasa a jininta fiye da ninki biyar na abin da dokar tuƙi ta yarda, sai magana ta zama kamar tabbas.

Amma an ƙirga. A 2011 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga wani bincike kan mawaƙa 1,046 waɗanda faifansu ya taɓa zama na ɗaya a ƙasar tsakanin 1956 da 2007. Ba a sami wani tarin mace-mace a shekara 27 ba. Abin da aka samu ya fi wannan muni: a tsakanin shekara 20 zuwa 39, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a sau biyu zuwa uku. Buddy Holly yana da 22 jirgi ya faɗi da shi a 1959, Otis Redding 26, Tupac Shakur 25 aka harbe shi a Las Vegas a 1996. Waɗannan ba wanda ke haɗa su a jeri ɗaya, don lambarsu ba ta zo ɗaya ba. A ganinmu ƙwaya da giya da yawan tafiye-tafiye sun isa bayani.

Tambaya: Wa ya yanke cewa waƙar zamani minti uku ko huɗu za ta riƙa yi?

Amsa: Faifan garmaho ne ya yanke, ɗan'uwa. Thomas Edison ya fara naɗar murya a 1877, amma a jikin wani abu mai siffar gwangwani. Emile Berliner ne ya fito da faifai mai faɗi bayan shekara goma. Wanda ya mamaye kasuwa shi ne mai faɗin inci 10, mai juyawa sau 78 a minti, kuma kowane gefe minti uku da 'yan daƙiƙu yake ɗauka. Dalili kuwa, sautin yana cikin wani siririn layi ne da ya nannaɗe daga bakin faifan zuwa tsakiya, allura na bin sa tana karkarwa. Ƙara mai ƙarfi da amon ganga mai kauri suna buƙatar layin ya yi lanƙwasa mai faɗi. In aka matse layukan don a ƙara tsawon waƙa, dole a rage ƙarfin sauti, in ba haka ba layi ya ci na kusa da shi, allura ta riƙa tsalle. Saboda haka mawaƙi kan shiga ɗakin naɗa ne ya san minti uku gare shi, kuma kai-tsaye ake yanka sautin, in ya yi kuskure sai a sake daga farko.

A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai juyi 33 da sulusi, wanda ke ɗaukar minti ashirin da wani abu a kowane gefe. A 1949 RCA Victor ya mayar da martani da ƙaramin faifai mai inci 7 da juyi 45, waƙa ɗaya a kowane gefe. Wannan ƙaramin shi gidajen rediyo suka runguma, shi matasa ke iya saye, sai minti uku ya zauna. Kaset ɗin Philips ya zo a 1963, faifan CD a 1982 da minti 74, amma kunne ya riga ya saba. Da sauraron intanet ya zo ma waƙoƙi sun ƙara gajarta, don Spotify, manhajar sauraron waƙa, ba ya ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30, shi ya sa ake jefo amshi tun da wuri.

Tambaya: An ce hip-hop yana da ranar haihuwa. Kiɗa kuma har da ranar haihuwa?

Amsa: Ranar da aka amince da ita ita ce 11 ga Agusta, 1973. A ranar Clive Campbell, haifaffen Jamaika da aka fi sani da DJ Kool Herc, ya sa kiɗa a wata liyafa da ƙanwarsa Cindy ta shirya a gini mai lamba 1520 kan titin Sedgwick, unguwar Bronx ta New York. Herc ya lura masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da murya ke tsayawa a bar ganga zalla, wadda ba ta wuce 'yan daƙiƙu. Dabarar da ya shahara da ita ita ce sa kwafi biyu na faifai ɗaya a kan na'urori biyu: gaɓar na ƙarewa a wannan sai ya saki ta wancan, ya mayar da allurar na farkon baya. Matsalar ita ce in allura ta sauka ba daidai ba, kiɗa ya yi tuntuɓe, rawa ta watse. Grandmaster Flash ne ya gyara wannan, da sa alama a jikin faifai da kuma sauraro ta abin kunne kafin ya saki sauti. Faifan rap da suka fara cin kasuwa sai a 1979 suka fito.

Tambaya: Mene ne ma'anar a ce faifai ya samu zinariya ko filatinam?

Amsa: Shaidar yawan ciniki ce, kuma kowace ƙasa da ma'auninta. A Amurka ƙungiyar kamfanonin faifai, RIAA, ke bayarwa: zinariya kwafi 500,000, filatinam miliyan ɗaya tun 1976, daimon miliyan goma tun 1999. A Birtaniya kundin waƙoƙi na samun zinariya da 100,000, filatinam da 300,000, don haka kafin ka kwatanta mawaƙa biyu ka tambayi ƙasar da ta ba da shaidar. Tun 2016 RIAA na sa sauraron intanet cikin lissafin kundi, sauraro 1,500 a matsayin kwafi ɗaya. Kuma a Amurka shaidar ba ta zuwa da kanta, sai kamfanin mawaƙin ya nema, ya biya kuɗi, an binciki takardun cinikinsa. Akwai tsofaffin faya-fayan da suka daɗe da wuce ma'aunin amma ba su da ita, don ba wanda ya shigar da takarda.