Ɗaɗɗoyar da ake ba ruwa safe da yamma kuma ganyenta na ƙonewa

'Yar'uwa, kin ce kina ba ɗaɗɗoyarki ruwa safe da yamma amma ganyen sai ƙonewa yake yana zubewa. Ina kyautata zaton ruwan ne ya yi mata yawa.

Saiwa ma numfashi take yi. Idan ƙasa ta zauna jagab kullum, iska ba ta shiga, sai saiwar ta ruɓe ta kasa jan ruwan. Shi ya sa za ki ga shukar ta yi yaushi kamar mai ƙishirwa, ki ƙara mata, abin ya ƙara lalacewa.

Murza ganyen. Idan ya marmashe, bakinsa kawai ya bushe, wannan ƙishi ne ko iskar hunturu. Idan kuwa ya yi laushi, na ƙasa suka fara yin rawaya, to ruwa ne. Zare shukar ki duba: saiwa mai lafiya fara ce, ruɓaɓɓiya baƙa ce mai santsi da wari.

Ni ma na kashe na'a-na'a biyu a bokitin fenti, ashe ban huda gindinsa ba. Ki huda gindin mazubin da kika yi shukar a ciki, ki yanke ruɓaɓɓiyar saiwar, ki sake ƙasa ki gauraya da yashi. Kada ki ba da ruwa sai kin tura yatsa kin ji saman ya sha iska.

In saiwar ta tafi gaba ɗaya, tsinko reshe mai kyau ki tsoma a kofin ruwa, zai yi sabuwa.