Kalmar da ta ci mini kuɗin aikin sati uku

Ka aiko mini cewa ka ci karo da kalmar showgirl a fim ɗin da na ba ka ka fassara, ka duba waya ta ce maka "yarinyar nuni", wai ko ka sa haka, ko ka sa 'yar gala. Yarinyar nuni! Nuni da yatsa ko me? Ku yaran yanzu waya ce malaminku, shi ya sa aikinku ba ya da gishiri.

Kalmar ta gidajen wasan Faransa da Amurka ce. Mata ne dogaye da ake jerawa a dandamali cikin kayan ƙyalƙyali, da tulin gashin jimina a ka da gadon baya, suna saukowa daga matakala a hankali kamar ba su ɗauke da komai. A birnin Paris abin ya yi ƙarfi, a gidaje irin Folies Bergère da aka buɗe a 1869 da Moulin Rouge na 1889. Wani mai shirya wasanni, Florenz Ziegfeld, ya kwaikwayo shi a New York daga 1907, daga baya Las Vegas ta ɗauka ta mai da shi tambarinta, har babban wasansu na ƙarshe mai suna Jubilee ya rufe a 2016. A cikin gidan ma an bambanta: akwai masu tsalle da juyi, akwai ita wannan wadda aikinta tsayi da ado da taku. Margaret Kelly, 'yar Ireland da ta kafa ƙungiyar 'yan rawa ta Bluebell, ba ta ɗaukar gajeriya, kuma da yawa cikin 'yan matanta rawar bale, wato rawar Turawa ta kan yatsun ƙafa, suka koya tun suna yara, tsayi ya fitar da su. Wasunsu ƙirji a buɗe suke fitowa, wannan gaskiya ne, kuma ba tarbiyyarmu ba ce. Amma albashi suke ɗauka, ba wanda ke hawa dandamali ya taɓa su.

Na san wannan ne don na biya kuɗin makarantarsa, kuma da tsada.

Lokacin ana cinikin faifai sosai, wani ɗan kasuwa ya kawo mini fim na Amurka in mayar masa da Hausa, labarin wata tsohuwa da ta yi wannan sana'a a ƙuruciyarta. Muka yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami ɗan kaɗan, wai sauran sai aiki ya fito. Ina fama da zazzaɓi a satin, sai na miƙa wa wani yaro da ke wurina kashi na biyu, yaro mai rawar kai irinka. Duk inda kalmar ta fito ya rubuta karuwa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, ban duba ba. Na kira masu murya mutum shida, na kama situdiyo kwana huɗu, man janareta daga aljihuna, abincin rana daga aljihuna. Ranar da muka zauna kallo da mai kaya, sai ga jikar tsohuwar ta miƙe a gaban taron makaranta, idonta cike da hawayen alfahari, ta ce da Hausa tsantsa: "Kakata karuwa ce, kuma ina so in gaje ta." Iyaye suna tafi, malamai suna tafi.

Ɗakin ya yi tsit. Na ce masa laifina ne, a ba ni kwana biyu in gyara. Na sake kiran masu murya, na sake biyansu, na gyara wuri goma sha bakwai, har yau ina riƙe da adadin. Da na kai masa sai ya ce ai kasuwa ta wuce, ba zai karɓa ba, kuma ba zai cika kuɗi ba tunda ni na ɓata lokaci. Na haƙura, na ce ƙaddara ce. Bayan wata guda ina wucewa ta wani shago sai na ji muryar yarinyar nan daga lasifika tana cewa kakarta karuwa ce. Ashe tun ranar farko ya kwafe gurɓataccen, shi ya buga, don ya san shi zai fi tafiya. Ya sayar da kuskurena, da sunana a bayan kwali, bai ba ni ko sisi ba. Na kai ƙara wurin manyan kasuwa, aka ce mu yi haƙuri da juna. Wane juna? Har gobe idan muka haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu, ko kunya babu.

'Yar gala da kake son sawa ta fi karuwa dama, amma ita ma ba ta zauna ba. Bahaushe na jin gala zai hango liƙi da samari da ƙura, alhali waɗannan mutane da kwat suke zuwa, a kan tebur suke zama. Karon farko da kalmar ta fito ka ce "'yar rawar babban dandamali", hoton zai ƙarasa bayani, bayan nan "'yar rawa" ta wadatar. Sai fa idan mai maganar zagi yake nufi, kamar uwar miji tana wulaƙanta suruka, to nan ka sa 'yar gala, ta yi daidai. Maganar daidaita tsawon jimla da motsin baki kuwa, idan sai na koya maka yanzu, gara ka koma cajin waya.

Ka kawo mini takardun gobe da hantsi, duka, ba rabi ba. Layi-layi zan bi su kafin kowa ya kusanci makirufo.