Tambaya da Amsa: Na Koma Man Sintetik, Inji Ya Fara Yoyo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 mai inji 1.8, 'yar Kwatano ce, ta ci kilomita sama da 230,000. Tun da na saye ta 20W-50 ake zuba mata. A juyen da ya wuce aka ba ni shawara na koma sintetik 5W-30. Ba a yi sati biyu ba na fara ganin ɗigon baƙin mai a simintin da take kwana, kuma idan na dawo daga Jega na tsaya sai in ji ƙaurin mai yana tashi daga gaba. Bakanikena ya ce man ne ya cinye sil, in zubar da shi in koma na da. Gaskiya ne? Mai karatu daga Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka zubar da man nan. Mai bai huda maka inji ba, ƙofa ya tarar a buɗe ya bi.

Maganar bakaniken naka tana da asali, sai dai ta tsufa. Lokacin da aka fara sayar da sintetik na motoci a Amurka, wajen 1972 zuwa 1974, wasu daga cikinsu sun riƙa sa robar sil, wadda ke hana mai yoyo, ta tsuke, wasu kuma su kumbura ta. An daɗe da gyara wannan. Duk man da ke ɗauke da alamar inganci ta API SN ko SP a jikin galan sai an gwada shi a kan irin robobin da ake sil da su kafin a ba shi wannan alama.

Abu biyu ne suka haɗu a motarka. Na farko, robar gaskit da sil ba ta dawwama. Shekara kusan ashirin tana gasuwa, ga zafin bazarar Kebbi da ke haura digiri 40, dole ta bushe ta yi tauri kamar ƙanzo, ta tsattsage. Baƙar dauɗar tsohon mai takan taru a waɗannan tsagu ta liƙe su. Sabon man yana wanke dauɗar a hankali, tsagar ta bayyana. Na biyu, wanda mutane suka fi mantawa, ba iri kaɗai ka canza ba, har da kauri. Lambar baya, 50 ko 30, tana nuna kaurin mai idan inji ya yi zafi, a digiri 100. Kaurin mai lamba 50 ya kusa ninka na 30. Ko da na gargajiya ka zuba mai lamba 5W-30, da irin wannan yoyon za ka gani. Kuma 5W-30 ɗin shi ne abin da Toyota ta rubuta wa wannan injin tun farko.

Aikin da ke gabanka shi ne gano inda man yake fitowa. A nan ne ake yawan asarar kuɗi, domin mai yakan gangaro ƙasa, iska kuma ta kora shi baya, sai a ga gindin inji jiƙe a ce sil ɗin baya ne, a sauke giya a banza.

Ka bari inji ya huce sarai. A rufe altaneta da kan kwayil da leda, a wanke jikin injin da ruwan omo da buroshi, a bar shi ya bushe. Sai a barbaɗa farar hoda a kewayen murfin saman inji, da gindin filta, da bakin tukunyar mai. A tayar da mota ta yi minti goma sha biyar, ko ka zaga gari kaɗan, sannan a haska da tocila. Hodar za ta nuna layin da man ya bi. Ka bi layin sama har inda ya fara, wurin da ya fi kowane tsayi shi ne mai laifi. Da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta. Ɗigo mai ruwan zuma ko baƙi na inji ne, ja na giya ne ko na sitiyari, farin ruwa kuma na iyakwandishan ne, ba komai.

Tunda bayan juye abin ya fara, a soma da wuraren da hannu ya taɓa ranar. Notin zubar da mai yana da washa ta alminiyam ko ta takarda mai tauri wadda ake canzawa duk juye, mafi yawan masu juye kuwa tsohuwar suke mayarwa, su ƙara ɗaure noti da ƙarfin tsiya har zaren tukunya ya lalace. Sai filta. Wani lokaci robar tsohuwar takan manne a jikin inji, a ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu ba sa riƙe mai. Ƙa'idar ita ce a shafa ɗan mai a robar sabuwar, a murɗa da hannu har ta taɓa jiki, a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya. A duba sandar awo kuma: wannan injin lita 4.2 yake sha har da filta. Wanda ya zuba masa fiye da haka ya wuce layi.

Ƙaurin da kake ji ya sa muka fi zargin gaskit ɗin murfin sama. A injin nan bakin salansa yana ta baya, wajen gilashi, don haka man da ya tsattsafo daga murfin kan ƙarfe mai zafi yake sauka. A zare kwayil ɗaya ɗaya a leƙa ramin fulogi. Idan akwai mai a ciki, magana ta ƙare. Gyaran bai kai awa biyu ba, amma a yi shi da tsabta: a kankare tsohon gam, a goge da fetur, a sa sabuwar gaskit a bushe, gam kuma ɗigo biyu kawai, a mahaɗar da murfin sarƙar taimin ya haɗu da kan inji. Notocin ƙanana ne, ɗauri mara ƙarfi suke so, wajen Nm 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, a ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe. Bakaniken da ya lafta gam zagaye kamar mai yaɓen ɗaki yana jawo maka babbar matsala, domin rarar da ta matso ta ciki takan gutsure ta faɗa tukunya ta toshe rariyar famfon mai.

Akwai wani wuri da injin 1.8 na Corolla ya yi suna da shi: abin da ke ɗame sarƙar taimin, a bayan inji ta ɓangaren fasinja, noti biyu ke riƙe shi. Ƙaramar robar zobe ce a jikinsa take mutuwa, man ya gangaro har ka rantse tukunya ce ta fashe.

Kafin a rufe bonet a ciro bawul ɗin numfashin inji, wanda ake kira PCV, yana jikin murfin sama da tiyo a bakinsa. A girgiza shi. Mai lafiya yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Idan ya yi shiru ya toshe, iskar da ke taruwa a cikin inji ta rasa mafita, sai ta tura mai ta kowane sil. Ko an sa sababbin gaskit, in ba a canza shi ba yoyo zai dawo. Kuma yana cikin kayan da suka fi arha a jikin motar.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, kuma mai yana ɗiga daidai mahaɗar inji da giya, to sil ɗin bayan kiranshaf ne, wato babban ƙarfen da ke juyawa a gindin inji. Wannan sai an sauke giya. In naso ne kawai, ana iya lallaɓawa ana duba sanda duk sati.

TAMBAYA: Ni direban haya ne, Golf 3 nake ja tsakanin Gusau da Talata Mafara. Bayan na zuba sintetik, ba na ganin ɗigo a ƙasa amma mai yana raguwa, kusan lita ɗaya a sati biyu. Mai shagon ya ce in sayi maganin tsayar da yoyo in zuba. Direba daga Gusau.

AMSA: Sannu da ƙoƙari, Malam direba. Man da ba ya zuba ƙasa amma yana raguwa, ƙonewa yake. Ka sa yaron mota ya tsaya a baya da safe ka tayar. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ke fita da farko sannan ya ɗauke, robobin kan bawul ne suka bushe. Wanda ke fita idan ka taka totur a kan hanya, ringi ne ya ci. A ciro fulogi a duba, mai baƙin maiƙo a baki shi zai nuna silindar da abin yake.

Maganin tsayar da yoyo roba kawai yake kumburawa na ɗan lokaci, ba ya yi wa ringi komai. Ajiye kuɗinka. Ga tsohon inji irin naka da ke wuni a kan titi da lodi cikin rana, ka koma mai lamba 40, wato 10W-40 ko 15W-40, ko da rabin sintetik ne, ka ga yadda shan zai ragu. Ka riƙa auna shi da kilomita, ba da kwanaki ba: cika zuwa layin sama a fili mai daidai, rubuta lambar mita, sake dubawa bayan kilomita 1,000. Idan ya kai lita ɗaya a wannan tazarar, fara tanadin aikin inji.

Ka leƙa bel ɗin taimin ma. Golf 3 mai silinda huɗu bel gare ta ba sarƙa ba, kuma idan sil ɗin gaba yana naso a cikin murfin, ba lallai ka gani a ƙasa ba. Mai yana ruɓar da bel, ya tsinke maka a tsakiyar hanya da fasinja. Ka kuma tabbatar da man da ka saya. Jabu ya yi yawa a kasuwa, ana cika tsofaffin galan da shi. Duba hatimin murfi, ka sayi wurin dila da aka sani, idan an gama juye ka huda galan ɗin kafin ka yar.

TAMBAYA: An ce wanda ya fara sintetik ba ya komawa na gargajiya, kuma ba a haɗa su. An kuma ce sai an wanke cikin inji da kananzir kafin a canza. Wata malama daga Argungu.

AMSA: Malama, duka biyun ba haka ba ne. Ana komawa, ana kuma haɗawa. Abin da ake sayarwa da sunan rabin sintetik haɗin su biyun ne tun daga kamfani. Idan mai ya yi ƙasa a hanya, ki ƙara da wanda kika samu mai lamba ɗaya ko kusa, ya fi ki yi tafiya da ƙarancinsa.

Kananzir ko gas a cikin inji kuwa, kada ki yarda ko kusa. Yana tsinka mai har ƙarafa su goge juna, yana kuma ɓamɓaro dauɗa gunduwa-gunduwa ta toshe rariya. Idan injin ya daɗe bai ga kulawa ba, ki zuba sabon man da sabuwar filta, ki yi juyen farko da wuri, a kilomita 2,000 zuwa 3,000, domin dauɗar da ya wanko ta fita. Daga nan ki riƙa yi duk kilomita 5,000 zuwa 7,000 ko wata shida. Abin da aka rubuta a jikin galan na dogon zango ba da ƙurar hunturunmu aka auna shi ba, don haka a duk juye ki sa a buɗe filtar iska a duba ta, a canza idan ta toshe.